Musayar malamai tsakanin ƙasashe: cancanta ce ke kai mutum ko sanayya?

MaiAlli_Gusau:
Assalamu alaikum, iyayenmu da abokan aiki. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare ta gwamnati, kuma akwai maganar da ta daɗe tana yawo a ofishin malamai wadda nake roƙon waɗanda suka san abin su warware mana. Duk lokacin da sanarwar shirin musayar malamai zuwa Amurka ko wata ƙasa ta fito, sai ka ji ana cewa kada ka wahalar da kanka, an gama raba guraben tun kafin a buga sanarwar. Ina son in san wanda ke zaɓen mutanen nan da abin da yake dubawa, da kuma wanda ke yanke hukuncin makarantar da za a kai malami bayan an zaɓe shi. Haka nan ina son in ji irin shirin da ake yi masa kafin ya tsaya a gaban ɗaliban da bai san tarbiyyarsu ba.

Malamar_Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni na halarci shirin TEA na Fulbright (tsarin musayar ilimi na gwamnatin Amurka), wanda ake kai malaman sakandare wata jami'ar Amurka na tsawon mako shida, kuma ban san kowa a ofishin jakadanci ba lokacin da na nema. Za ka cike fom ta intanet, ka rubuta amsoshi masu tsawo a kan yadda kake koyarwa da matsalar da kake son magancewa a makarantarku, sannan shugaban makaranta ya cike nasa fom ɗin yana shaidar aikinka tare da amincewa zai sake ka ka tafi. Ofishin jakadanci ne ke yin tankaɗen farko, ya kira waɗanda suka tsallake su zo ganawa ido da ido, su kuma rubuta jarrabawar Turanci ta TOEFL. Makin da ake nema a wannan shirin ba mai tsanani ba ne, domin a lokacinmu 450 ne a jarrabawar takarda. Daga nan sai a tura sunaye Washington, inda ƙungiyar IREX mai gudanar da shirin ke sa wani kwamiti ya sake bin takardun.

A wajen ganawar babu wanda ya tsaya a kan yawan takardun shaidata. Sun tambaye ni yawan ɗaliban ajina, na ce sun haura tamanin, sai ɗaya daga cikinsu ta ce to ta yaya nake gane cewa yarinyar da ke layin baya ta fahimci darasin. Na gaya musu yadda nake raba wa kowane benci guntun allo da alli, su rubuta amsa su ɗaga sama gaba ɗaya, in duba da ido cikin ɗan lokaci. A kan wannan guntun allon muka shafe rabin ganawar. Sun kuma matsa a kan abin da zan yi wa sauran malamai idan na dawo, kuma a sanarwar ma an rubuta cewa ana fifita masu koyar da yaran marasa galihu da waɗanda ba su taɓa samun irin wannan tafiya ba.

Bakatsine_Nahawu:
Malama, ban musa abin da kika faɗa ba, amma ki dubi sharuɗɗan da kyau. Malamin da ke ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis, yaya zai zauna ya rubuta dogayen amsoshi ta intanet? Wa zai biya masa kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas domin ganawa, kuma wa ya taɓa nuna masa yadda jarrabawar TOEFL take? Ko da babu wanda ya rubuta sunan ɗan'uwansa, tsarin da kansa ya riga ya tace mutane, kuma malamin birni mai kwamfuta da sakakken Turanci ne yake saura a cikin rariyar.

TsohonFirinsifal:
'Ya'yana, bari in yi magana daga ɓangaren wanda ake kawo wa fom ya sa hannu. Kuna ganin sa hannun shugaban makaranta ƙaramin abu ne, alhali a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa ba tare da sun sani ba. Tafiyar TEA tana faɗowa ne a tsakiyar zangon karatu, ko dai daga Janairu zuwa Maris ko kuma a Satumba da Oktoba. Idan malamin fiziks guda ɗaya gare ni, ga 'yan aji shida suna fuskantar WAEC, dole in tambayi kaina wanda zai riƙe ajin. Wasu shugabannin ba sa ƙin sa hannu a fili, sai dai su rubuta layi biyu marasa gishiri, kuma mai karantawa a can zai gane cewa makarantar ba ta tare da malamin. Shawarata ita ce, kafin ka kai fom ɗin ka zauna da abokan aikinka ku tsara wanda zai karɓi kowane darasi, ka kai wa shugaba a rubuce, ka kuma fara neman izinin ma'aikatar ilimi da wuri, domin fayil ba ya sauri.

Mai_Nazari:
Akwai matakin ƙarshe da Malamar_Lissafi ba ta ambata ba. Duk wanda zai amsa sunan Fulbright sai wata hukuma mai mutum 12, waɗanda shugaban Amurka ke naɗawa, ta amince da shi. An kafa shirin ne a 1946 bisa ƙudurin Sanata William Fulbright na jihar Arkansas, kuma ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke riƙe da shi, wato tun asali hanya ce ta ƙulla hulɗa da ƙasashe. Saboda haka ƙasashen da za a sa a jerin kowace shekara da yawan guraben da za a ba su, siyasar ƙasa da ƙasa ce ke yanke su. A watan Yunin 2025 kusan dukkan 'yan wannan hukuma suka ajiye aiki, suna zargin cewa jami'an gwamnati sun hana wasu mutanen da aka riga aka zaɓa guraben da suka ci. Don haka ga tambayar Malam MaiAlli, a ganina sanayyar kawu ko ɗan majalisa ba ta da tasiri sosai a nan, amma akwai hannun da ya fi nasu tsawo.

DanMalam_Hausa:
Zan yi magana a kan haɗa mutum da wurin aiki, domin a nan ne na fi ganin bambanci. Akwai shirin FLTA, shi ma na Fulbright, wanda aka fara a 1968, inda ake ɗaukar matasan malamai su je jami'o'in Amurka su koyar da harshensu na tsawon shekarar karatu guda, kuma Hausa da Yarbanci suna cikin harsunan da aka riƙa ɗauka daga Nijeriya. A wannan shirin, ofishin jakadanci ya zaɓe ka ba ya nufin ka samu. Jami'o'i ne suke fara rubuta wa cibiyar IIE mai gudanar da shirin cewa suna bukatar mai koyar da harshe kaza, su bayyana ko suna son wanda zai riƙe aji shi kaɗai ko wanda zai taimaka wa wani farfesa, sai cibiyar ta aika musu takardun waɗanda suka dace su duba. Idan a shekarar jami'o'i kaɗan ne suka nemi Hausa, to mutane masu cancanta za su saura a gida ba don sun gaza ba.

Ba kai kake zaɓen jami'a ba. Aikin ba ya wuce awa 20 a mako, sannan kana ɗaukar kwas biyu a kowane zango, kuma ba digiri ake ba ka a ƙarshe ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne koyar da abin da na tashi da shi a baki. Ranar da wani ɗalibi ya tambaye ni dalilin da ya sa muke cewa "ya zo" amma mu ce "shi ne ya zo" da gajeren wasali, sannan mu ce "sun zo" amma "su ne suka zo", a ranar na san cewa jin harshe daban, iya bayaninsa daban. Duk mai neman wannan shiri ya koma ya karanta nahawun Hausa da tsarin karin sauti kafin ya tafi, domin bitar 'yan kwanaki da ake yi wa mutane da isarsu ba za ta cike masa wannan giɓin ba.

UmmanKhalifa:
Malam DanMalam, ina da tambaya. Idan mace ce mai aure da ƙananan yara, ana duba halin da take ciki wajen zaɓar mata gari, ko kuwa duk inda aka jefa ta sai ta je?

DanMalam_Hausa:
Hajiya, a shirin FLTA ba a tafiya da iyali, mutum shi kaɗai yake zuwa. Wannan magana ce da ya kamata a gama ta a gida kafin a cike fom, domin janyewa bayan jami'a ta riga ta tsara jadawalinta da sunanki yana cutar da ɗaliban da suka yi rajistar darasin.

Dalibi_a_Nagoya:
Ni karatu nake yi a Japan, kuma na zauna da mutane da dama da suka zo ta shirin JET na gwamnatin Japan, mai kawo matasa daga ƙasashen waje, don haka bari in kawo nasu tsarin domin a gwada. An fara shi a 1987 da mutum 848 daga Amurka, Birtaniya, Ostareliya da New Zealand, kuma yawancin masu zuwa mataimakan malaman Turanci ne a makarantun gwamnati. Ana nema ta ofishin jakadancin Japan wajen ƙarshen shekara, a yi ganawa a farkon sabuwar shekara, a isa ƙasar a ƙarshen Yuli ko Agusta. Ana ba mai nema dama ya rubuta wurare uku da yake so, amma babu alkawarin za a ba shi. Ƙananan hukumomi da jihohi su ma suna rubuta nasu bukatun, wata ta ce tana son mai lasisin tuƙi saboda makarantunta suna warwatse a cikin tsaunuka, wata ta ce tana son wanda ya fito daga birnin da suke da ƙawance da shi, sai hukumar CLAIR mai kula da shirin ta haɗa buƙatun ɓangarorin biyu. Wanda ya ƙi wurin da aka ba shi ya fita daga shirin ke nan. Ana yi musu bita a Tokyo da saukarsu, amma duk wanda na tambaya yana cewa abin da ya fi amfanarsa shi ne wasiƙun wanda ya riga shi riƙe wurin, domin shi ne ya gaya masa halin malaman da zai yi aiki da su da yadda sanyin garin yake.

Hajiya_Sufeto:
Ina son mu lura cewa duk waɗannan da aka ambata ba musaya ba ce irin ta asali. Musaya ta asali ita ce malami ya ɗauki ajin takwaransa, takwaran ya ɗauki nasa, na shekara guda, kamar yadda aka daɗe ana yi tsakanin Birtaniya, Kanada da Ostareliya. A irin wannan, haɗa mutum biyu aiki ne mai wahala ƙwarai, domin sai darasinsu ya zo ɗaya, shekarun ɗalibansu sun yi kusa, shugabannin makarantun biyu sun amince, sannan sau da yawa har gida suke musanyawa, don haka mai 'ya'ya huɗu ba zai dace da mai ɗaki ɗaya ba. Ga kuma bambancin kalanda, tunda a Ostareliya shekarar karatu tana farawa ne a ƙarshen Janairu, a Ingila kuwa a Satumba. Kowane malami yana ci gaba da karɓar albashinsa daga gida, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ba a cika yin irinta da mu ba, domin albashin malaminmu na wata ba zai riƙe shi mako guda a can ba.

Na taɓa sa ido a kan wani ƙawancen makarantu da wata ƙungiya ta shirya, aka haɗa sakandarenmu ta kimiyya da wata firamare ta ƙasar waje, saboda kawai su biyun ne suka saura a jeri. Malaminmu na kemistiri ya je ya zauna yana kallon yara 'yan shekara bakwai suna yanka takarda da almakashi. An karɓe shi da mutunci, amma ya dawo babu abin da zai iya sawa a cikin darasinsa.

DanDamagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Maganar Malam Bakatsine ta fi tsanani a wajenmu, domin da Faransanci muke koyarwa, kuma duk waɗanda na sani da suka samu tafiya Amurka malaman Turanci ne. Malamin lissafi ko na tarihi, komai ƙwarewarsa, jarrabawar harshe ce ke tare shi a ƙofa. Faransa tana da nata tsohon tsari na mataimakan malaman harsuna wanda ya faro tun 1905. Ana aiki awa 12 a mako, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, kuma mai nema yana ambaton yankunan da yake so, amma hukumar ilimi ta yankin ce ke zaɓar masa makaranta, wani lokacin ma ta raba shi tsakanin makarantu biyu ko uku.

Ustazu_Zariya:
Kada mu manta cewa mu ma mun daɗe da sanin wannan abu, ba daga Turai kawai ba. Lokacin da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama makarantar nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko. An yi dacen haɗi a nan, domin mazhabarmu ɗaya ce ta Malikiyya, littattafan fiƙihun da suka karanta su ne waɗanda muke karantawa a zaure, kuma hanyar aikin hajji ta riga ta sanar da su halayen mutanenmu. A tsakiyar shekarun 1950 kuma aka tura wasu matasa zuwa kwalejin horon malamai ta Bakht al-Ruda da ke Sudan, cikinsu har da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya jiƙansa. Har yau jami'ar Azhar ta Masar tana turo malamai makarantunmu. Me ya sa idan ana zancen musaya hankalinmu ba ya zuwa wannan ɓangaren?

Injiniya_Bauchi:
Gaskiya ne, Ustazu, kuma Nijeriya ma tana tura malamai waje. An kafa shirin taimakon ƙwararru na TAC a 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, ana tura ƙwararru ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, Nijeriya ce kuma ke biyan alawus ɗinsu. Yayana ya koyar a Gambiya ta wannan hanya. Ƙasar da ke bukata ce take rubuto fannonin da take so, sai a zaɓi mutane daidai da su, a yi musu bita a Abuja kafin su tashi.

Malamar_Lissafi:
Bari in komo kan shirin da ake yi wa mutum, domin Malam MaiAlli ya tambaya kuma ba a amsa sosai ba. Kafin mu tashi an tara mu an yi mana bayanin biza, inshorar lafiya, tufafin sanyi da dokokin shirin. Bizar ita ce J-1, kuma tunda gwamnati ce ta ɗauki nauyi, akwai sharaɗin mutum ya koma ƙasarsa ya yi shekara biyu kafin ya cancanci bizar aiki ko ta zama. A jami'a kuma an koya mana dabarun koyarwa da amfani da na'urori, sannan aka haɗa kowa da malami ɗaya a wata sakandare, aka ce mu yi aƙalla awa 40 a ajinsa.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin bitar shi ne dokokin kare yara. An gaya mana ba a taɓa jikin ɗalibi, ba a keɓewa da shi a rufe ƙofa, ba a ɗaukar hotonsa sai da izini, kuma ba a karanta makin yaro a gaban aji. Da na shiga ajin farko, wani yaro ya sa na'urar toshe kunne yana zagaye a bayan aji, malamar kuma ba ta ce masa komai ba. Bayan an tashi ta nuna mini cewa akwai rubutaccen tsari tsakanin makaranta da iyayensa saboda lalurar da yake da ita. Da ba a riga an gargaɗe mu mu riƙa tambaya kafin mu tsawata ba, da na yi wa yaron nan faɗa irin na gida, kuma da na ɓata komai tun ranar farko.

DanZongo_Kumasi:
Malama ta taɓo wuri mai muhimmanci, kuma tarihi ya nuna abin ta fuska biyu. Rukunin farko na 'yan Peace Corps, wato masu aikin sa-kai na Amurka, da suka fara aiki a duniya a Ghana suka sauka a ƙarshen Agustan 1961, malamai ne, kuma an horar da su har suka rera waƙa da harshen Twi a filin jirgin Accra, abin da ya sa aka karɓe su hannu bibbiyu. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma, a Ibadan, wata daga cikin waɗanda aka tura Nijeriya ta rubuta katin gaisuwa zuwa gida tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta gani, tana cewa horon da aka yi musu bai shirya su ganin haka ba. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Ni a ganina ana bukatar a shirya mai masauki kamar yadda ake shirya baƙo, domin na ga makarantar da baƙon malami ya iso shugabanta bai ma sanar da sauran malamai zuwansa ba.

Lauya_Mai_Koyarwa:
Ina roƙon a bambanta musaya da ɗaukar aiki, saboda 'yan damfara suna fakewa da sunan musaya. Shirye-shiryen Fulbright ba a biyan ko kobo wajen nemansu. Akwai wani rukunin biza na malamai a Amurka da ke bukatar digiri da ƙwarewar shekara biyu, ana yin har shekara uku, amma ta hannun ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su ake bi, kuma a nan ne dillalai suke shiga su ɗora wa mutum bashi. Ingila kuma tun Fabrairun 2023 ta buɗe wa malaman Nijeriya da Ghana hanyar neman shaidar koyarwa a wasu fannoni, wannan ɗaukar ma'aikata ne tsantsa. Tun 2004 ministocin ilimi na ƙasashen Commonwealth suka amince da wata yarjejeniya a kan ɗaukar malamai, domin kare haƙƙin malamin da kuma ƙasar da ta horar da shi.

MaiAlli_Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba TsohonFirinsifal, zan bi shawararka a kan tsara masu riƙe aji. Sai dai maganar Malam DanMalam ta tsaya mini a rai, cewa mutum zai iya cancanta a zaɓe shi, amma ya saura saboda babu makarantar da ta nemi irinsa. Idan haka ne, ana sanar da mutum dalilin da ya sa bai samu ba, ko kuwa shiru kawai zai ji?

Bakatsine_Nahawu:
Wannan shirun shi ne yake haifar da zargin da ka fara da shi, Malam. Idan an aiko wa mutum layi biyu na ban haƙuri ba tare da dalili ba, sannan ya ga wanda ya samu ɗan makarantar kuɗi ne a babban birni, me kake so ya ɗauka? Har yanzu ina kan bakana cewa sai an fitar da ganawar daga manyan birane, an kuma karɓi shaidar koyarwa a cikin aji a matsayin abin da ya fi makin Turanci nauyi.

Hajiya_Sufeto:
Malam Bakatsine, rabin maganarka na yarda da ita. Amma malamin da za a tsayar a gaban ɗalibai masu jin Turanci kaɗai dole ya iya yi musu bayani, in ba haka ba an zalunce shi an zalunce su. Inda nake ganin gyara yana hannunmu shi ne ma'aikatun ilimi na jihohi su riƙa kai sanarwar har makarantun karkara a kan lokaci, waɗanda suka je suka dawo kuma a ɗora musu zama da masu nema suna duba musu rubutu. Malamar_Lissafi, a rukuninku akwai waɗanda suka fito daga makarantun ƙauye, ko duk 'yan birni ne?